Kunnen Mai Inji da Tafiyata Kaduna

Tun da na dawo daga Kaduna matan ajinmu ba su bar ni na huta ba. Wannan ta tare ni a bakin famfo, waccan a gidan suna: Hajara, yaya hanya, yaya birni, me kika gano? Ina ce musu lafiya lau, sai alheri. Ba ƙarya na yi ba, amma ko rabi ban faɗa ba. Kun san bakina ba ya iya dogon zance a cikin mutane. Shi ya sa na ɗauko ragowar littafin da muka yi yaƙi da jahilci da shi, na ce bari in rubuta, wadda ta iya ta karanta wa wadda ba ta iya ba.

Na ce muku gaishe da Malama Rifkatu zan je, wadda ta koya mana baƙi da wasali kafin su koma Kaduna. Na gaishe ta kuwa. Amma abin da ya fitar da ni daga Birnin Gwari kunnen ɗana ne.

Ɗan farina nake nufi, wanda kuke kira Mai Inji. Ba zan rubuta sunansa ba, kamar yadda ban taɓa kiran sa da shi ba. Haka muka taso muka ga iyayenmu: ɗan fari ba a kama sunansa, ba a zura masa ido, ba a zaman hira da shi. In ya shigo gaisuwa ina cikin ɗaki, labule a tsakaninmu, in amsa ƙasa-ƙasa. Tun rasuwar mahaifinsu yake kan injin niƙan nan na bakin kasuwa, da shi ya aurar da ƙannensa biyu.

Bara sai na ga ya canza. In ce, "Kai, a duba mini ƙofar nan ta karye," sai ya tashi ya fita kamar da bango na yi magana. In yi masa sannu da aiki, shiru. Na yi haƙuri wata da watanni, sannan na fara faɗa muku, ɗaya bayan ɗaya, cewa ya sami abin hannu ya raina ni. Wasunku har kun taya ni tsaki. Daga ƙarshe na kai ƙararsa wurin baffansa, aka zaunar da shi a zaure gaban mutane aka wanke shi tas. An ce kansa na ƙasa har aka gama.

Bayan kwana biyu matarsa Binta ta shigo ta durƙusa, ta daɗe tana murza bakin zanenta.

"Inna, ba raini ba ne. Ba ya ji ne."

"Ba ya jin me?"

"Magana. Kunnensa na hagu ya kusa mutuwa. Ni ma sai na tsaya a gabansa. Ya ce kar in faɗa miki, hankalinki zai tashi. Ko faɗan Baffa rabi ya ji."

Ta ce sun je asibiti, likita ya ce injin ne ya cinye kunnen, abin da ya tafi ya tafi, amma na dama zai tsira in ya daina shan ƙarar nan. Ta ce ta ga wani abu a waya, hedifon mai kashe ƙara, ana kifa shi a kunne, sai dai ba a samun sa a nan.

Ban iya kallon ta ba. Abin da ya kamata shi ne in aika a kira shi in ce na yi kuskure. Ban iya ba. Sai na sayar da tunkiyata na ɗaura niyyar Kaduna.

Mun tashi da hantsi, motoci biyar a jere, don har yanzu ba mai son ratsa dajin shi kaɗai saboda 'yan bindiga, ko da yake hanya ta ɗan yi sauƙi. Direbanmu dattijo ne mai furfura a gemu, ana ce masa Ɗan Zariya. Yana ta barkwanci har muka bar gonaki, sai ya kashe rediyo, ya sauke gilashi, ya ce, "Mai tari ya yi tarinsa yanzu." Ba wanda ya yi dariya. Daga nan kowa kunne ya kasa: ko kukan babur a cikin itatuwa, ko wani abu. Bafillatanar da ke kusa da ni ta rufe bakin jaririnta da nono tun kafin ya motsa. Ina zaune ina tunani, a ƙasar da kunne ne mai gadin rai, ɗana yana yawo da rabi, ni kuma ina cewa ya raina ni.

A wani shingen sojoji aka ce a sauko da kaya. Nan aka ga galan ɗin zumar da na riƙo wa Malama ya huje, ta malale a kan takalman wani ɗan kasuwa da ya cire su ya ajiye a but ɗin motar. Sojan ya ɗaga takalmi ɗaya zuma na zuba, ya ce, "Alhaji, kai da zuwa Kaduna da ƙafar dama." Mutumin bai ji daɗi ba. Na yi ta ba shi haƙuri har Buruku, inda Ɗan Zariya ya kunna rediyo kowa ya saki numfashi, aka sayi dafaffen rogo da ƙuli. Na miƙa wa mai takalmin nawa, ya karɓa, muka shirya.

Daga tashar Mando na shiga bas. Kusa da ni wata budurwa ce tsaf da ita. Na yi mata sannu, ba ta amsa ba. Na sake, shiru. Har na ce a raina 'ya'yan birni ba su da tarbiyya, sai ta gyara ɗankwali na hango wani farin abin sauraron waya a cikin kunnenta. Ko kwana uku ban yi da sanin laifina ba, ga shi na maimaita. Sai na lura rabin bas ɗin haka suke, kowa ya toshe kunnensa da gangan, a kan titi, motoci na wucewa. A ƙauyukanmu irin Randagi ko Gayam wanda ya yi haka a hanyar gona sai a ce ya gaji da duniya.

Malama a Kakuri suke, sai an haye gadar kogi. Ba shinge, ba a tambayar takarda, amma kowa ya san ya tsallaka. Hijabi ya ragu, allunan coci suka yawaita, na ja jakata jikina. Ina sauka sai ga ta a bakin titi ta buɗe hannu biyu, ta ƙara ƙiba, tana cewa, "Ɗalibata mai ƙaramar murya. Har yanzu kina juya harafin 'ba' ya koma 'da'?" Tsoron ya tafi.

Ɗakin 'yarta ta ba ni, ta shimfiɗa mini sabuwar tabarma, ta nuna mini gabas tun kafin in tambaya. Ta dafa gwaten acca da ganye da gauta, abin da ban taɓa ci ba, ga shayin citta mai kama maƙogwaro. Da na ba ta ragowar zumar da labarin takalmi, sai da ta riƙe ciki don dariya.

Abin da ya fi ba ni mamaki a gidan shi ne yadda take da mijinta, Baba Danladi. Sunansa take kamawa gatsau, da ƙarfi, ta dafa kafaɗarsa, ta zagayo gabansa ya ga bakinta sannan ta yi magana. Na sunkuyar da kai don kunya. Ta gani, ta ce, "Shekarunsa a masaƙa ne suka bar masa wannan. In na yi masa irin muryarki sai mu kwana da yunwa."

Nan na faɗa musu abin da ya kawo ni, ban da zancen zaure. Baba Danladi yana bin bakin Malama tana maimaita masa. Ya shiga ɗaki ya fito da wani abu ruwan ɗorawa, kamar ludayi biyu da aka haɗa da baka, robar ta tsattsage, ba waya, ba maɓalli.

"Wannan aka ba mu a ƙarshe-ƙarshe, bayan ɓarna ta riga ta auku," in ji shi. Shi ma da ƙarfi yake magana. "Je ki kasuwar Panteka wurin masu kayan walda, ki ce matoshin kunne na masu aiki. Ba shi da tsada. Shi ne na mai inji."

Na ce to. Amma raina bai kwanta da shi ba. Abu ne mummuna, na lebura. Laifina babba ne, na ga bai kamata in wanke shi da abu mai araha ba. Ina son abin da in an buɗe kwalinsa za a san uwa ta yi nadama ba sai ta faɗa ba.

Washegari Malama ta tafi taron zumuntar mata, ni kuma na ce zan leƙa kasuwa. Ban nufi Panteka ba. Na tambayi layin masu kayan waya, na shiga wani kanti mai ƙasa kamar madubi, har na tuɓe takalmi a ƙofa. Mai kantin Ibo ne, Hausarsa ta fi ta wasu 'yan garinmu. Ya ce, "Mama, sa takalminki, ba masallaci ba ne." Wasu 'yan mata biyu da ke duba waya suka ƙunshe dariya.

Na ce hedifon mai kashe ƙara nake so.

"Wa za a saya wa? Na waƙa ne, na waya, ko na tafiya?"

Ga ƙofa Allah ya buɗe mini. Da na ce na mai injin niƙa ne, da zance ya ƙare. Amma 'yan matan nan na tsaye, kuma ban taɓa furta wa baƙo cewa ɗana ya kurmance ba. Sai na ce, "Na ɗana ne. Yana son sauraron karatu."

Ya jero kwali uku, baƙi da fari da shuɗi. Na ciro littafina na ja layuka kamar yadda Malama ta koya mana, gida uku a tsaye. Ya ga da gaske nake, sai ya jawo mini kujera.

Layin farko, ashirin zuwa dubu ashirin, da wasu haruffa biyu a gefe. Ya ce iyakar muryar da abin ke iya fitarwa ce, daga mai kauri kamar ganga zuwa siririya kamar kukan sauro. Na duba, duka ukun haka aka rubuta.

"To me ya raba su?"

"Wannan ado ne, Mama. Kowa haka yake rubutawa."

Layi na biyu faɗin lasifikar ciki: arba'in, arba'in, hamsin. Ya ce mai faɗi ya fi ba da murya mai kauri, amma girma ba shi ne daɗi ba. Na uku batir, awa nawa yake yi kafin caji. Na ja layi biyu a ƙarƙashin wannan, saboda kun san halin wutarmu.

Sai na ga d ƙarama da B babba a wuri biyu a kowane kwali. Ɗaya lambarta ta haura ɗari, ɗaya ba ta kai hamsin ba. Na ɗora yatsa a kan babbar. Ya girgiza kai.

"Wannan ƙarfin ihun da yake yi a cikin kunne ne. Ƙaramar kike nema, ita ce yawan ƙarar da yake ragewa. Baƙin ashirin da biyar, farin talatin da biyar, shuɗin arba'in da biyu. Amma duba nan, sun ce har zuwa. Kin san mai cewa buhunsa yana cin har zuwa tiya arba'in."

Na yi dariya, na rubuta. Na tambaye shi yadda abu ke kashe ƙara. Ya nuna mini 'yan ramuka a bayansa, ya ce kunnuwansa ne, yana sauraron ƙarar waje, ya yi irinta a juye, su haɗu su kashe juna. Na ce kamar yadda ake tare gobarar daji da wata wutar. Ya ce, "Mama, zan ari wannan in riƙa faɗa wa mutane."

Ya kifa mini shuɗin a kan hijabi ya danna. Janaretan da ke gurnani a bayan kantin ya ɓace ɗif, kamar an rufe rijiya da faifai. Ban san akwai irin wannan shirun a duniya ba. Na ji numfashina. Ina cikin haka sai mai yankan ƙarfe na maƙwabta ya kunna abin yankansa, ƙarar ta ratso ta shiga kunnena kamar allura. Na ɗaga kai.

"Gurnani yake kashewa," in ji mai kantin. "Janareta, mota, jirgi. Ƙara mai kaifi tana ratsa shi. Amma me ya haɗa mai karatu da wannan?"

Na ce, "Babu."

Na san kukan injin niƙa. Akwai gug-gug ɗin mai, akwai kuma ihun ƙarafan da ke cin hatsi, wanda ake ji tun daga masallacin Juma'a. Na sani sarai. Ban ja wa wannan layi a littafina ba. Na biya shuɗin, aka sa mini shi a jaka mai kyau.

Da la'asar na baje littafin a gaban su Malama. Ta yaba layukan, ta ce sun miƙe. Baba Danladi ya bi su da yatsa har ƙasa, ya juya shafin, ya ga ba komai a baya.

"Ina layin ihun ƙarfe?"

Ya kifa hedifon ɗin ya danna, ya ce wa Malama ta kankare gindin tukunya da cokali. Tana farawa ya yamutsa fuska.

"Ni da kunnena ya mutu ma na ji wannan." Ya turo mini nasa tsohon. "Tafi da shi kafin ki sami sabo."

Na ce na gode, a bar shi dai. Malama ba ta matsa ba. Da take raka ni tasha washegari ta riƙe hannuna ta ce, "Hajara, karatu kam kin iya. Sai dai kin zaɓi abin da za ki karanta."

Dawowa ba abin faɗi, sai taya da ta fashe kusa da Udawa, muka tsaya a tsakiyar itatuwa maza na canzawa, mu mata muna karanto duk addu'ar da ta zo baki. Ina rungume da jakar.

Ban ba shi da hannuna ba. Binta na ba, ta kai masa, ta dawo da godiya. Sauran kun gani da idonku. Ya kifa shi yana niƙa, kuna cewa Mai Inji ya zama matuƙin jirgi, ana tambayata nawa, ina murmushi. Kwana takwas na yi ina jin kamar na biya.

A na tara Binta ta sake durƙusawa.

"Inna, gara ma da. Ihun injin yana shiga, sai ya kunna karatu a ciki ya ƙure shi don ya danne. In ya dawo sai ya ce wani abu na kuka a kunnen dama. Na ce ya cire, ya ce Inna ta ratsa daji ta sayo, ba zai cire ba."

Na dama. Wanda likita ya ce zai tsira.

Na sa hijabi na fita. Rabona da shiga rumfar injin tun ranar da aka kafa shi. Ranar kasuwa ce, layin robobi har waje, kuma yawancinku kuna nan, ku da na faɗa wa ya raina ni. Yana tsaye ya ba ni baya, gari ya rufe shi fari fat, shuɗin hedifon ɗin ma ya koma fari. Na tsaya a bayansa na yi sallama. Sai na tuna, na zagaya gabansa.

Da ya gan ni ya firgita. Ya kashe injin da masara a cikinsa, abin da mai niƙa ba ya yi. Rumfar ta yi tsit. Ya cire abin daga kansa ya durƙusa a cikin gari.

Na ce, "Na zalunce ka. Ka yafe mini."

Ya juyo kunnen dama. "Na'am, Inna?"

Na sake faɗa. Ya kalli bakina, ya kalli Binta da ta biyo ni, bai samu ba. Ban taɓa ɗaga murya a kasuwa ba, ko akuya ban taɓa kora da ihu ba. Na cika ƙirjina na faɗa yadda mai tsire na tsallaken hanya sai da ya juyo: cewa na ce ya raina ni alhali ciwo ne, na sa an ci masa mutunci a zaure, kuma abin nan da na sayo na san ba zai yi ba tun a kantin, na sayo shi ne don kar in buɗe baki.

Ba wadda ta ɗaga kai a cikinku. Shi kuwa ya ce, "Inna, ai ni ne ban faɗa ba."

Na ce kar ya sake tayar da injin sai matoshin Panteka ya iso, zan kira Malama a ba Ɗan Zariya, ranar Juma'a yana hanya. Ya dubi layin robobin. Kwana uku ba niƙa, ga masu inji biyu a unguwar gaba suna jiran irin wannan ranar. Goggo Asabe ce, babbar ajinmu, ta sunkuya ta ɗauki robarta ta aza a ka.

"Turmi bai mutu ba," in ji ta. "Ranar Asabar ni ce ta farko, kar wadda ta sha gabana."

Wasu sun bi ta, wasu sun tafi unguwar gaba, ba su dawo ba har yau, kuma ban ga laifinsu ba. Matoshin ya iso, ruwan ɗorawa, mummuna kamar yadda na san shi. Bayan wata biyu suka koma asibiti. Na hagu ya tafi gaba ɗaya. Na dama likita ya ce ya ɗan ƙara raguwa a kan awon farko, amma ya tsaya. Ban tambaya ko kwana takwas ɗin nan ne suka ci wannan ɗan ragin ba, Binta ma ba ta ce ba.